Tambayi Baba Direba: Jirgin ruwa mai tafiya da iska, mai faɗin mita uku, daga Yamai zuwa Gidimuni

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da yaran gareji. Ni ɗan kasuwa ne a nan Damagaram. Watan jiya na je Yamai, na tarar da wani Bature ya gama aikinsa zai koma gida, yana sayar da kayansa. Cikinsu har da jirgin ruwa irin wanda ba shi da inji, iska ce ke tura shi da ƙyalle. Ciki biyu gare shi, kamar kwalekwale biyu a jere, an haɗa su da ƙarafa biyu, an shimfiɗa raga a tsakani. Na saye shi tare da ramok ɗinsa, wato ƴar tirelar da ake ɗora shi mota ta ja, don ina da lambu a bakin tafkin Gidimuni, ina so yara da baƙi su riƙa shiga. Na auna shi: tsawonsa mita 6 da ɗan kai, faɗinsa mita 3 da santimita 10, sandarsa mai riƙe ƙyallen mita 9. Mai shi ya ce nauyinsa bai kai kilo 200 ba, kuma da wannan ramok ɗin yake kai shi bakin kogi daga gidansa. Ina da Hilux. Direbana ya ce mu ɗaura mu taso bayan isha'i lokacin da hanya ba kowa, mu yi azahar a gida. Me ka gani?

Wani Alhaji, daga unguwar Birni, Damagaram

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka, ya sa a mora lafiya. Ka yi min alfarma guda kafin komai: ka ce wa direbanka ya ajiye maganar tafiyar dare. Zan dawo kanta.

Nauyin jirginka ba abin damuwa ba ne, kilo 200 buhu biyu ne na gero, Hilux ba za ta san da shi ba. Faɗin ne matsalar. Ka ɗauki igiya ka auna motarka, za ka same ta wajen mita 1 da santimita 85. Ke nan jirgin zai leƙo ta kowane gefe da santimita sittin da wani abu, kamu ɗaya da ɗoriya, kuma a bayanka yake, inda ido ba ya kai sai ta madubi. Direba ya saba da cewa duk inda kan motarsa ya shiga, gindinta zai shiga. Da wannan kaya ba haka ba ne. Kwaltar da za ka bi, wato babbar hanya ta ɗaya da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa har gida, hannu biyu ce, faɗinta mita shida zuwa bakwai. Babbar mota faɗinta mita 2 da santimita 55, ban da madubanta. Haɗa da naka, ka ga mita 5 da 65. Abin da ya rage shi za ku raba tsakaninka da shi, da mai babur, da amalanken shanu, da yarinya mai tallar goro a bakin titi. Inda gefen kwalta ya zaizaye, babu abin da ya rage.

Doka ma nan ta tsaya. Ƙa'ida mai lamba 14 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta shekarar 2005, ta sa iyakar faɗin manyan motoci a mita 2 da 55, tsayi daga ƙasa mita 4. Abin da ya wuce haka kaya ne na musamman, sai da izini a rubuce daga ma'aikatar sufuri. A Faransa ma, inda irin waɗannan jiragen suke da yawa, mita 2 da 55 ɗin ce iyaka. Tsakanin Yamai da Damagaram kuwa kusan kilomita 900 ne, ga jandarma, ga duwan, ga wuraren biyan kuɗin hanya. Kowane shinge ka zo da abin da ya fi babbar mota faɗi ba takarda, sai an sa ka gefe.

Shawarata ita ce kada ka ja shi da faɗinsa ko kaɗan. Kwance shi.

Irin wannan jirgi an yi shi ne don a kwance. Ƙarafan nan biyu da suka haɗa cikunan, notuna ne ke riƙe da su, ko maɗauri mai noti. Ka cire ragar, ka kwance ƙarafan, sai ka ga kwalekwale biyu sirara waɗanda mutum biyu ke ɗagawa. Ka jera su kusa da juna a kan ramok, faɗinsu duka ba zai kai na motarka ba. Daga nan maganar izini ta ƙare, maganar gogar babbar mota ta ƙare, madubinka na ganin hanya. Aikin yini ɗaya ne. Sai dai a yi shi da natsuwa, tun Baturen bai tashi ba, ka roƙe shi ya tsaya a kai. Ku ɗauki hoton kowace igiya da kowace waya da salula kafin a taɓa ta. Ku sa alamar fenti a kan ƙarfen gaba da na baya, hagu da dama, don ba lalle su shiga gurbin juna ba. Notunan da ƙananan fil-fil ku zuba a gwangwani mai murfi, gwangwanin ya zauna a cikin mota kusa da kai, don idan ɗaya ya ɓace ba za ka same shi a kasuwar Dole ba. Wani abu kuma: notin farin ƙarfe da ya daɗe cikin alminiyom yakan kama kamar an yi masa walda. A jiƙa shi da mai tun dare, a bi shi a hankali. Yaro mai ƙarfi da doguwar sifana zai karya shi cikin rami, aikin yini ya koma na mako.

Turawa masu tsere da irinsa suna da ramok mai karkata jirgi gefe ɗaya sama don ya rage faɗi. Kada mai walda ya ce zai yi maka. Jirgi a karkace bango ne, kuma idan da hunturu za ka taso, iskar daga gabas maso arewa take, ta gabanka ta hagu za ta riƙa dukansa tun daga Doso har Mirya.

To yanzu ga abin da ya fi tsaya min a rai, ramok ɗin kanta. Mutane na kallon jirgi, su manta da ƴan ƙafafun da ke ɗauke da shi. Ka ce da ita Baturen yake kai shi bakin kogi. Wannan kilomita nawa ne? Biyar, goma. Kuma irin wannan ramok ana tura ta da baya cikin ruwa har tayoyi su nutse. Cibiyar taya tana da ɗumi, ta shiga ruwa mai sanyi, sai ta zuƙo ruwan ciki. Ruwa ya gauraya da giris ya koma fari kamar kindirmo, boris ɗin, wanda makanikanmu ke cewa rulma, ya fara tsatsa a ɓoye. Tafiyar kilomita goma ba ta tona asirinsa. Ta ɗari tara za ta tona.

Ka duba girman tayar ma. Yawancin waɗannan ramok ƴar ƙaramar taya gare su, mai rim inci 8 ko 10. Mai inci 8 tana juyi wajen sau 770 a kilomita ɗaya, ta Hilux ɗinka wajen sau 410. Wato duk gudun da kake yi, ita kusan ninki biyu take yi, a kan kwaltar da ke ƙona tafin ƙafa a watan Afrilu da Mayu.

Na ga wannan da idona, shi ya sa nake nanatawa. Ina da ƙuruciya na taɓa jawo injin wuta a kan ƴar ramok daga Maraɗi. Mai kayan ya ce sabuwa ce, ba ta taɓa tafiya ba, kuma gaskiya ya faɗa: shekara biyu tana ajiye a tsakar gida, damina biyu ta sha. Mun wuce Gazawa sai yaron motata ya ce, "Maigida, ina jin ƙauri." Na tsaya. Tun ban kai hannu ba na ji zafi na bugun fuskata. Na tofa yawu a kan murfin cibiyar, ya yi cuuu ya ƙafe nan take. Da muka ɗaga muka cire tayar, giris ya ƙone ya zama gari baƙi, ƴaƴan boris suka zubo cikin rairayi wasu a fashe, bakin gatarin ya yi shuɗi saboda wuta, zoben ciki ya manne masa sai da gizago da guduma. Da mun ƙara kilomita biyar, tayar za ta fita ta bi hanya ita kaɗai, kuma ranar hanya cike take da mutane masu dawowa daga kasuwa. Kwana biyu muka yi gindin wata bedi muna jiran a aiko da boris. Tun daga ranar ban ƙara ɗaura ramok ba sai na buɗe cibiyarta da hannuna.

Saboda haka kafin ka bar Yamai, a ɗaga ramok a cire tayoyin biyu. Kada a tsaya wanke tsohon boris, a sa sabo duka gefe biyu, da sabuwar robar da ke tare giris, a cika da giris mai jure zafi. Notin bakin gatari a ɗaure shi har ya zauna, sannan a sassauta kaɗan yadda taya za ta juya ba tare da ta yi lilo ba, a sa sabon fil. Lambar boris tana rubuce a jikin zobensa, ka sayi ƙarin saiti guda ka riƙe. Tayoyin kuma kada ka duba zanensu kawai, tayar ramok ba ta cinyewa, tsufa ke kashe ta. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ka ga 2318, an yi ta mako na 23 na 2018. Wadda ta haura shekara shida, ko ka ga ƴan tsage-tsage a gefenta, canza ta. Ka riƙe safaya biyu, domin wannan girman ba kowane mai faci ke da shi ba tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni. Ka gwada jak ɗinka da sifanar taya a jikin ramok ɗin tun a gida, na mota sau da yawa ba sa shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wajen ɗauri, jikin jirgin faiba ne, ba katako ba. Yana da ƙarfi cikin ruwa inda ruwa ke tallafe shi ko'ina, amma idan ya zauna a kan ƙarfe siriri yana tsalle yini biyu cikin rana, wurin zai lotsa ko ya tsage. A yi masa matashi mai faɗi daidai da siffar cikinsa, a naɗe da tsohon kafet ko katifa, a sa su daidai inda ƙarafan haɗin suke zama, nan ne ya fi ƙwari. A ɗaure da bel mai faɗi, ba igiyar roba mai cin jiki ba, kuma kada a ja har jikin ya fara shiga. A murɗa bel ɗin sau ɗaya a inda yake sake, don kada iska ta riƙa kaɗa shi yana cin fenti. Hancin kowane ciki a ɗaure shi gaba, a kuma ɗaure shi baya, saboda ranar da ka taka birki da ƙarfi. Ƙyallen, da ragar, da allunan tuƙi na baya, duk a cire a sa cikin mota. Kada a rufe jirgin da tamfol, zai yi ta bugunsa har ya goge shi. Idan da damina ne a buɗe matosan da ke bayansa don ruwan sama ya fita.

Sandar mita 9 ita ce mai wuyar sha'ani. A kwantar da ita tsakiyar ramok, ta zauna a wuri uku, kan gaba ya ɗaga ya haye saman bayan motar. Ka tuna tana bin ramok ne, ba mota ba: in ka sha kwana sai kanta ya karkata gefe, in ka gangara kwari sai ya sunkuyo kan rufin. A bar masa tazara mai kyau, a gwada a fili kafin a hau titi. Abin da ya leƙa baya kada ya yi yawa, a ɗaura masa jan ƙyalle babba. Wayoyin ƙarfen da ke jikinta a naɗe su a ɗaure.

Nauyin da ke sauka kan ƙugiyar mota ya zama wajen kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin ramok da kayanta. Ga naka, in duka sun kai kilo 400, wajen kilo 30 zuwa 40 ke nan, mutum zai ɗaga da hannu biyu ya ji nauyi. Ka duba kan ƙugiyar da bakin ramok girmansu ɗaya: na Turai milimita 50 ne, na Amurka yawanci inci 2 ne, a ido kamar ɗaya suke. Sarƙa biyu a gicciye su ƙarƙashin wuyan ramok. Fitilun birki da sigina su yi aiki. Takardun ramok, da lasuransi da ta ambace ta, da takardar cinikin jirgin mai sa hannun mai shi, su zauna a jaka guda. Tunda ba ta kai kilo 750 ba, lasisin ƙaramar mota ya ishi direbanka.

Maganar dare kuwa, direbanka na da gaskiya cewa motoci sun ragu. Amma waɗanda suka rage su ne manya, masu fitila mai kashe ido. Da dare ne jaki ke kwanciya kan kwalta don ɗuminta, da dare ne amalanke ke tafiya ba ko tocila, da dare ne ba ka ganin rami sai ka faɗa. Hilux za ta haɗiye ramin, ƴar taya mai inci 8 ba za ta haɗiye ba. In boris ya fara hayaƙi, da rana za ka gani a madubi. Ga kuma halin tsaro, wanda ke canzawa. Ka tambayi direbobin tasha labarin hanya a ranar da za ka tashi. Ka tashi bayan asuba, ka kwana Ƙonni, wajen kilomita 420 ke nan. Washegari ka wuce Maraɗi ka shigo gida kafin magariba, in rana ta yi maka gajarta ka kwana Tasawa. Gudu kada ya wuce 70. Bayan kilomita 20 na farko ka tsaya ka ƙara jan bel, ka ɗora bayan hannunka a kan cibiyar kowace taya. Ɗumi ba komai. In ba ka iya barin hannu a kai, ko ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, kada ka motsa. Ka maimaita haka duk awa ɗaya da rabi. Tudun rage gudu na bakin garuruwa, a Galmi da Gidan Rumji da sauransu, ka hau su kamar kana ɗauke da ƙwai. Ranar ƙarasawa Gidimuni kada ta zama Lahadi, kasuwar Mirya ke ci, kuma ta nan hanyar ta bi.

Akwai wata hanyar, kuma da ni ne ita zan fara tambaya. Tunda jirgin zai kwance, ka nemi babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya da ta sauke kaya a Yamai za ta dawo gabas. A ɗora cikunan, da sandar, da ramok ɗin kanta a sama. Ka lissafa kuɗin boris, da tayoyi, da ƙarin man da Hilux za ta sha, da kwanan hanya, ka gwada da abin da mai motar zai ce. Sharaɗi ɗaya: kada a ɗora buhu ko ɗaya a kan jirgin, kuma yaronka ya bi motar.

Abu na ƙarshe ba na mota ba ne, amma ina roƙonka. Kogin Isa a Yamai yana fama da irin kainuwar nan mai shuɗin fure da ke rufe ruwa. Ɗan guntunta ko irinta ya maƙale a ramok ya isa. Tafkin Gidimuni abincin masunta ne da masu lambu, kachalla ma ta ishi tafkunanmu. A wanke jirgin da ramok sarai, a zubar da ruwan da ke cikinsa, a shanya su kwanaki kafin su taɓa tafkin. Ka gaida maigari da masunta kafin ka saka shi. Ranar tada sandar ka ɗaga kai ka duba wayar lantarki, alminiyom ne. Kuma yaro ko babba, kowa da rigar ruwa, don irin wannan jirgi iska mai ƙarfi na kifar da shi.

TAMBAYA

Baba, ina gaisuwa. Ni yaron mota ne, kwanan nan na fara tuƙi. Ina jan ramok mai tankin ruwa zuwa wani ƙauye bayan Takeita. Da na kai gudu 60 sai ta fara wutsiya hagu da dama har motar na rawa. In na taka birki sai abin ya ƙaru. Laifin taya ne?

Wani matashi, daga Garin Malam

AMSA

Ɗana, ka duba iskar tayoyin, amma na fi zargin zaman tankin. In nauyi ya koma bayan gatari, wuyan ramok sai ya yi sakayau, ya riƙa ɗaga gindin mota maimakon ya danne shi. Cire ta daga ƙugiya a wuri mai lebur, ka sa dutse a tayoyi, ka gwada ɗaga wuyan. In ya tashi da yatsa biyu, ko yana neman tashi da kansa, a kwance tankin a matso da shi gaba kaɗan. Sannan kada ka ɗauki rabin tanki. Ruwa rabi yana gudu gefe zuwa gefe yana tura ka. Ko ka cika shi fal, ko ka tafi da shi wayam. Lita 1,000 kilo 1,000 ce, ban da tankin da ramok, don haka ka tambayi maigidanka ko ramok ɗin na da birkinta, ka kuma duba ko lasisinka ya kai, tunda ta haura kilo 750.

In ta fara wutsiya kana tafe, ɗauke ƙafarka daga totur a hankali, riƙe sitiyari miƙe da hannu biyu, kada ka bi ta kana gyarawa, kada ka danna birki. Za ta lafa da kanta yayin da gudu ke sauka. Ka kawo ta gareji ranar Asabar da safe, tanki a cike, mu auna wuyan tare.